Malama Ba-Sabo a Bencin Iyaye

Duk wanda ya san unguwar ya san gida mai koren ƙyaure da ke bayan shagon mai walda, ya kuma san matar da ke cikinsa. Ba-Sabo ake ce mata. Ba iyayenta ne suka raɗa mata sunan ba, iyayen yara ne, don in ta zauna gwada yaro to ba sani ba sabo, ko ɗan wane ne. Da can a bayan idonta ake faɗa. Ranar da sunan ya zo kunnenta sai ta ce ai wannan ba zagi ba ne, shaida ce, ta karɓe abinta. Har ta kai in ta kira mutum a waya, bayan sallama sai ta ce, "Ba-Sabo ce."

Doguwa ce, ba jiki, kullum tafiyarta ta wadda aka kira da gaggawa ce ko da cefane za ta. A firamare ta ƙarar da ƙuruciyarta, daga wannan aji zuwa wancan, har alli ya busar mata da yatsu, har ta koyar da 'ya'yan waɗanda ta koyar. Mijinta ya rasu yara suna ƙanana, da albashin malanta ta raine su, ba ta taɓa kai kuka ƙofar kowa ba. Da lokacin ritaya ya yi aka ce ta je ta huta. Hutu kuwa bai karɓe ta ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta jera kwanuka bisa girmansu, ta koma zama gaban talabijin tana gyara wa mai karanta labarai magana, shi bai ma san tana yi ba.

Maƙwabcinta direban tasi ne ya cece ta. Wata safiya ya yi sallama, yana jan ɗansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da sakamakon makaranta.

"Malama, ki raba ni da abin da ya ɗaure mini kai. Takardar nan ta ce shi ne na biyu a ajinsu. Jiya na miƙa masa kwalin magani ya duba mini yadda ake sha, ya tsaya yana kallona kamar ni na rubuta."

Ta ce ya ninke takardarsa ya sa aljihu, ya jira a waje. Ta buɗe wa yaron littafin ajinsu, ya zubo shi tiryan-tiryan, ko numfashi ba ya tsayawa yi. Sai ta kwafi kalmomin shafin a bayan wani kwali, ta hargitsa su, ta tura masa. Yaro ya yi tsuru-tsuru. Ashe haddace littafin ya yi da kunne, daga bango har bango. Ta fito ta ce wa uban, "Ɗanka ba daƙiƙi ba ne. Wanda ya haɗiye littafi guda da kunne ai kai gare shi. Haɗa baƙi ne bai iya ba, a koma masa can." Direba ya tafi yana ba fasinjojinsa labari, kuma kowa ya san bakin direba. Ba a daɗe ba sai da ta sa kafinta ya buga mata benci a baranda.

Ɗakin gwajin ba komai a cikinsa sai tebur, kujeru biyu, agogon bango da ya daɗe da tsayawa, da wani babban kwali cike da tarkace: tsofaffin jaridu, ledojin sabulu masu rubutu, murafen kwalba na ƙirga, tef ɗin tela, da littattafan da ta tsinto a kasuwa. Da su take aiki. Yaro zai karanta abin da bai taɓa gani ba, ya maimaita mata shi da bakinsa, ya raba murafe tsakanin mutanen da ta ƙirƙira, ya rubuta mata yadda ake zuwa gidansu daga bakin titi. In ta gama sai ta kira iyaye ta faɗa musu inda ɗansu ya yi gaba da inda ƙafarsa ta maƙale, ba ƙari ba ragi. Akwai wata mai sayar da kifi da ta shigo tana kiran 'yarta jaka, ta fita tana share hawaye, don an nuna mata yarinyar tana lissafi a ka fiye da sa'o'inta, rubutu ne kawai yake cin ta.

Ba ta tambayar wace makaranta yaro yake. Takan ce in ta ji sunan makaranta zuciyarta za ta riga idonta yanke hukunci. Ba ta kuma koyar da wanda ta gwada, komai roƙo. "Ranar da na fara yi wa waɗanda nake gwadawa lesin," in ji ta, "ranar kowane yaro zai zama mai rauni a idona." Kuma ba gaba take da makarantu ba. In uwa ta fara zagin malamai sai ta katse ta: "Ke 'ya'ya nawa ne a ɗakinki kike kuka? Shi malami aji ne cike maƙil a gabansa. Yana da nasa idon, ni ina da nawa, ke ki haɗa biyun ki yi shawara." Wasu shugabannin makarantu da suka fara da harararta, daga baya su da kansu suke ce wa iyaye su leƙa wajenta.

Dokar da ta fi tsanani a kanta ita ce ta benci. Iyaye a baranda suke zama, ƙofa a rufe. Ta ga abin da ya ishe ta kafin ta kafa dokar. Ta ga uban da ke taka ƙafar ɗansa ta ƙarƙashin tebur, ta ga uwar da ke motsa leɓe tana hura amsa, har da wata da atishawa ke kama ta duk lokacin da 'yarta za ta kauce hanya. "Ni yaro aka kawo mini," takan ce, "ba shi da inuwarsa ba." Mutane suna fita daga gidan wasu da murna, wasu gwiwa a sanyaye, amma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ta yi masa ƙarya. Ita ma ta san haka, kuma a gaskiya tana ji da kanta.

To, Ba-Sabo tana da ɗa, Auta, mai gyaran firji, mutum mai sanyin hali wanda tun da aka haife shi bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba. Matarsa tela ce, kekenta a falon gidansu yake. Ba ta da yawan magana, amma in ta kafa ƙafa sai dai a zagaye ta. Babbar 'yarsu tana aji huɗu. Uban ne ya laƙaba mata Rediyo, wai daga buɗe ido har barci ba ta rufe tasha. Wannan suna yana ba Ba-Sabo mamaki, don ita ba ta taɓa jin tashar ta kama ba. Takan ce musu, "Wannan rediyon naku a bakin ƙofata batir ɗinsa yake ƙarewa."

Kada a ce ba ta son jikar. Tana son ta kamar ranta, ita ta fara ɗaukar ta a asibiti. Sai dai shi son Ba-Sabo da tambaya yake fitowa. Duk ƙarshen mako in an kawo yarinyar, kafin ta cire takalmi an tare ta: bakwai sau takwas? In an miƙa mata biskit, sai ta karanta abin da ke jikin ledar tukuna. In an aike ta ɗauko lemo, sai ta faɗi nawa zai rage in an ba babanta rabi. Yarinya ta sunkuyar da kai, ta ɓoye hannu a baya tana ƙirga da yatsu. In karatu ne, ta karanta kalma ɗaya, ta saci kallon fuskar kakar, ta koma baya, ta cije. Ba-Sabo ta gyara murya, ta ce, "Sake." Ta sake, ya fi na farko lalacewa.

Ta daɗe tana lura, ba ta yi gaggawa ba. Da shekarar karatu ta ƙare aka ce Rediyo ta wuce aji biyar, sai ta sa aka kira mata Auta da matarsa, ta shigar da su ɗakin gwaji. Auta ya zauna a kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa. Matarsa ta zauna a ƙasa, gefen ƙofa.

"Yarinyar nan tushenta bai zauna ba," in ji Ba-Sabo. "Na ga irinta ba iyaka. Ka je wajen shugaban makarantarsu kafin a dawo daga hutu, ka ce a bar ta ta maimaita aji huɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Auta ya shafa ƙeya. "To, Mama. Duk yadda kika ce."

Matarsa ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "Mama, a yi mini afuwa, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Yarinyar nan tana karatu. Ita ke karanto mini awon masu ɗinki in hannuna yana kan keke. In aka mayar da ita baya, ƙawayenta su wuce, ƙannen ƙawayenta su tarar da ita, zuciyarta za ta karye, kuma ba ta yi laifin komai ba."

"Idon uwa ke nan," in ji Ba-Sabo. "Kullum da shi nake fama a barandar nan."

"Haka ne, Mama. Shi ya sa kike ce wa mutane su kai wa wanda bai san yaro ba. Mu ma mu kai ta mana. In aka ce ta maimaita, wallahi ni da kaina zan raka ta ajin."

Auta ya duƙufa kallon agogon da ba ya tafiya. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma Ba-Sabo ta ji abin har ƙashinta. Ita da ake zuwa wajenta daga nesa, a ce jikarta sai an kai wa wani? Amma maganarta ce aka miƙo mata, ba ta da inda za ta jefar da ita. Kuma ko ɗigon shakka ba ta da shi a kan abin da za a tarar.

"Na yarda," ta ce. "Ni zan kai ta da ƙafata. Abin da aka faɗa shi za a yi, ba mai ƙarawa ba mai ragewa."

Ita ta nemo wurin. Ta tsallake duk waɗanda ta sani a harkar, don rabinsu ɗalibanta ne, in ta ce fari ba za su ce baƙi ba. A can ɗaya gefen gari aka kwatanta mata wata matashiya mai ɗaki a saman bene, kan wani kemis. Ranar tafiya ta bar tabaraunta da alƙalaminta a gida, ta yafa tsohon mayafi, ta ja wa Rediyo kunne a mota: "Kada ki ce kakarki malama ce. Ni tsohuwa ce kawai na rako jikata." Yarinya ta gyaɗa kai. Ta san abin da ake ciki, yaran yanzu ba a ɓoye musu komai. Ta ƙanƙame jakarta har suka sauka.

Malamar benen ba za ta girmi Auta ba. Ta gaida tsohuwa da ladabi, ta dubi Rediyo ta ce takalminta ya burge ta, a ina aka sayo? Ba-Sabo ta leƙa ɗakin da wutsiyar ido, ta ga darduma a ƙasa, ƙaramin tebur, katakai masu launi, da littattafan labari a kwando. Ta taɓe baki, a ranta ta ce gidan wasa. Sai malamar ta nuna mata benci a bakin ƙofa. "Mama, ki huta a nan, iyaye ba sa shiga." Ta ja yarinyar ciki ta rufe.

Ba-Sabo ta zauna. Shekara da shekaru tana nuna wa mutane benci, ba ta taɓa sanin haka yake da tauri ba. Ta rasa inda za ta sa hannuwanta. A ɗaya ƙarshen akwai wani mutum da rigar ma'aikatan asibiti yana jiran layi, ɗansa ya yi barci a cinyarsa.

"Jikarki ce, Mama?" ya tambaya.

"Ita ce."

"Allah ya ba da sa'a. Ni da farko wajen wata tsohuwar malama aka ce in kai nawa, can bayan masu walda. Ba-Sabo. Ko kin taɓa jin ta?"

"Na taɓa ji."

"An ce ba ta ƙarya ko kusa. Amma an ce in ta kalli yaro sai ya manta sunan ubansa. Nawa kuwa matsoraci ne, na ce a'a, kada in je neman magani in dawo da ciwo."

"Mutane ba sa rasa abin faɗa," in ji Ba-Sabo. Ta juya ta fuskanci bango.

Bangon na falanki ne, bai kai rufi ba, ana jin komai. An daɗe ana hirar takalmi, da ta ƙanen Rediyo da ya taɓa haɗiye maɓalli, da ta wata ƙawa mai tsoron kaji. Malamar ce ke yawan maganar da farko, yarinyar tana jefa kalma ɗaya-ɗaya. Ba-Sabo ta yi tsaki ciki-ciki. Ɓata lokaci, in ji ta a ranta, da ita ce da tuni an gama karatu an shiga lissafi.

Sai aka yi shiru, aka ji buɗe takarda, wata murya ta fara karatu. Tar-tar, ba gargada, tana tsayawa inda ya kamata, tana hawa inda aka yi tambaya. Labarin wani mai gadi ne da akuyar da ta shiga ofis. In an zo maganar mai gadi sai ta kumbura murya, in an zo ta shugaban ofis sai ta maƙale ta a hanci, har ta tsaya ta yi dariya sannan ta ci gaba. Ba-Sabo ta ɗauka akwai wata yarinya a ciki tun kafin su zo. Ta kasa kunne sosai. Muryar jikarta ce, kuma ba ta taɓa jin ta haka ba ko sau ɗaya.

Ta matsa jikin falankin kamar ita ake gwadawa. Can yarinyar ta zo kan wata doguwar kalma, ta ɗan tsaya tana haɗa ta gaɓa-gaɓa, kuma ga dukkan alamu za ta fita da kanta. Ba-Sabo ba ta yi niyya ba, Allah ya sani. Maƙogwaronta ne ya yi abin da ya saba. Ta gyara murya.

Karatu ya tsaya cak. Da muryar ta dawo, ta dawo 'yar mitsitsiya, tana cije kalma, tana komawa baya, tana i'ina a kan irin abin da ta wuce da gudu ɗazu. Wannan ita ce yarinyar da Ba-Sabo ta sani, ta ƙarshen mako.

Ƙofa ta buɗe. Malamar ta fito, ta ja ƙofar a bayanta, ta rage murya don kada mutumin ya ji, ko da yake ya ji.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. Akwai kujera a ƙasa wajen mai kemis, ya san da zamanmu. Ko za ki ɗan jira a can? In mun gama zan sauko da kaina."

Da a wani wuri ne wata ta faɗa mata haka, da mai faɗar ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Amma a cikin maganar nan babu kalmar da ita ba ta taɓa faɗa wa wata uwa ba. Ta ɗauki jakarta ta sauka, tana dafa bango.

Mai kemis ya ba ta kujerar roba kusa da kantar shagonsa. Da farko haushi ne ya cika ta, yarinya sa'ar autanta ta kore ta kamar mai satar amsa. Ta zauna tana kallon masu sayen maganin tari da na ciwon kai, haushin yana sauka, wani abu mai nauyi yana maye gurbinsa. Ita ba ta iya yi wa kanta ƙarya ba. Ta ji karatun kafin gyaran murya, ta kuma ji shi bayansa. Da a ɗakinta aka yi wannan da ɗan wani, da tuni ta gane inda matsalar take, ta fito ta faɗa wa mai ita ido da ido. Ta ji kunya, ta kuma ji tsoro, don saura ƙiris ta sa a cinye wa yarinya shekara guda a banza, kuma da Auta ya je ya yi ba musu.

Malamar ta sauko ita kaɗai, ta ce Rediyo tana sama tana zane. Ta jawo wani akwatin lemo ta zauna kusa da tsohuwa.

"Karatunta ya wuce ajinta, Mama. Tana fahimtar abin da ta karanta, har musu ta yi da ni a kan wanda ya fi laifi tsakanin mai gadi da akuya. Lissafin rabawa in akwai saura yana ba ta wuya, tana buƙatar a zauna da ita a kai. Rubutu kuma gudu take, tana zubar da baƙaƙe a hanya. Amma ban ga dalilin mayar da ita baya ba. In aka yi haka an zalunce ta."

Ba-Sabo ta tambayi irin lissafin da aka ba ta, da yadda aka ba ta, da ko an bar ta ta ƙirga da yatsu. Ta ji amsa, ta auna a ranta. Aiki ne mai kyau, ba inda za ta sa hannu. Ta kuwa faɗa: "Kin iya aikinki."

Malamar ta yi murmushi. "Wane aji kika koyar, Mama?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ni ma wata ta koyar da ni mai irin wannan gyaran muryar. Har yau in na ji shi sai na gyara zama."

Ba-Sabo ta so ta yi dariya, dariyar ba ta fito ba. Malamar ta rage murya.

"Akwai abin da ta faɗa, ban sani ba ko in gaya miki."

"Ni ban taɓa rage wa iyaye komai ba. Kada ki rage mini."

"Na tambaye ta wa take karanta wa a gida. Ta ce ƙanenta, da mamanta, da masu kawo ɗinki in suna jira. Na ce kakarki fa? Sai ta ce, 'Kaka ba ta jin labarin. Kuskure take jira.'"

Ba-Sabo ta kalli hannuwanta. Sannan ta ce, "Gaskiya ta faɗa."

A mota yarinyar ta takure jikin taga, jaka a ƙirji. Sai da suka yi nisa ta yi magana, ba ta ɗago ba. "Kaka, zan maimaita?"

"Ba za ki maimaita ba. Aji biyar za ki, ke da ƙawayenki."

Rediyo ta saki wata ajiyar zuciya da ta fi ƙarfin ƙirjinta. Ba-Sabo ta ji ta, ta juya kai wajen ɗaya tagar don kada a ga idonta.

Ba ta wuce gida ba, gidan Auta ta sauka. Keken ɗinki yana ta gudu a falo. Da surukar ta gan ta sai ta ɗauke ƙafa ta miƙe. Auta ya leƙo daga tsakar gida, hannu duk baƙin mai. Ba-Sabo ba ta zauna ba, ba ta kuma yi kwana-kwana ba, yadda take yi wa kowa haka ta yi wa kanta.

"An gwada ta. Ta wuce, har da rara. Rabawa da rubutu ne za a taimaka mata. Ke kika yi daidai, ni na yi kuskure. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, tsorona take ji."

Auta ya buɗe baki zai kare ta, ta ɗaga masa hannu. Surukar ko murmushin nasara ba ta yi ba. Ta kwashe yadudduka daga kan kujera, ta ce, "Zauna, Mama, ki sha ruwa. Kin sha hanya." Wannan ya fi yi wa Ba-Sabo nauyi fiye da a ce gori ta yi mata.

Har yau tana nan tana aikinta, kuma har yau ba ta rage wa kowa gaskiya ba. In uba ya zo yana ce mata shi malami ne, ya san ɗansa ciki da bai, takan ce, "Ni ma haka na ce," ta ba shi labarin ba tare da ta ɓoye nata kason ba. Yaro mai tsoro kuwa ta daina kokawa da shi, takan kwatanta wa iyayensa benen da ke kan kemis. Ta ma koyi fara gwaji da hira, ko da yake an ce da farko hirar tata ba ta da maraba da tambayoyin 'yan sanda.

Rediyo ta shiga aji biyar. Tsoro dai ba riga ba ne da za a cire rana ɗaya. Ba-Sabo ta daina tambaya, sai ya zama in an kawo yarinyar su biyun su zauna suna kallon juna, ba mai abin faɗa. Wata rana da la'asar tsohuwa ta cire tabaraunta, ta ajiye shi can saman kabad, ta kishingiɗa a gado ta juya wa ɗaki baya.

"Akwai littafi a bakin kwali," ta ce. "Ba tabarau ba na gani, kuma na ƙosa in ji yadda ya ƙare. Karanta mini."

Yarinyar ta ɗauko, ta zauna nesa, ta fara da 'yar ƙaramar murya. Ba ta yi nisa ba ta karkatar da wata kalma, kuskure ne a fili, ita ma ta ji. Ta tsaya. Ba-Sabo ta dafe maƙogwaronta da hannu, fuskarta a bango.

"To, sai me ya faru?" ta ce.

Rediyo ta ɗan yi shiru tana jiran sauran maganar. Da ta ga babu saura, sai ta matso bakin gadon ta ci gaba.